Wutar Lantarki da Ruwa Ba Sa Haɗa Hanya: Hatsarin Kamun Kifi da Lantarki ga Mai Juna Biyu da Iyalinta

Duk masuncin da ya daɗe a kan ruwa ya san minjirya. Kifi ne marar ƙaya a baya, mai santsin jiki, wanda idan aka taɓa shi da hannu yakan fizgi mutum har kafaɗa. Babbar minjirya tana iya sakin wutar da ta kai kimanin bolt 350, wato fiye da ƙarfin wutar gidajenmu. Sai dai tata wutar ƙiftawar ido ce, ta zo ta wuce. Wutar da ɗan Adam yake sakawa cikin ruwa da batir ko janareta don ya kama kifi kuwa, ba ta yankewa sai an kashe ta. A nan hatsarin yake.

Wannan bayani domin iyalan da ke zaune a bakin koguna da madatsun ruwa ne, musamman gidajen da ke da mai juna biyu. Haka kuma ya shafi waɗanda ko kwale-kwale ba su taɓa shiga ba, domin abin da yake faruwa a kogi shi ne yake faruwa a bokitin wanka idan aka tsoma hita a ciki.

Mene ne kamun kifi da lantarki?

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1863 aka yi rajistar fasahar a Ingila. A yau masu binciken kifi a Amurka da ƙasashen Turai suna amfani da ita wajen ƙidayar kifayen rafuka. Akan tsoma ƙarfe biyu a cikin ruwa, a saki wuta a tsakaninsu. Wutar takan sa naman jikin kifi ya riƙa motsi ba da sonsa ba, ya nufo ƙarfen da ke hannun ma'aikaci, sannan ya sume na ɗan lokaci. Sai a kwashe shi da koma, a auna, a rubuta, a mayar da shi ruwa da ransa. Na'urar da suke goyawa a baya tana fitar da ɗaruruwan bolt, wata har kusan 1,000.

Akwai kuma wadda ake haɗawa a gida ba bisa ƙa'ida ba: batirin mota, da inbata, da sanda biyu masu waya. An fi sanin wannan a yankin kogin Mekong, a ƙasashe irin su Kambodiya da Biyetnam, inda hukumomi suka daɗe suna yaƙi da ita. A Nijeriya, Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta haramta kama kifi da lantarki, ko guba, ko abin fashewa. Masu bincike kaɗai aka ɗauke wa wannan hani a kan lantarki. Dalili shi ne wutar ba ta zaɓe. Tana kashe ƙananan kifi, tana lalata ƙwai, tana karya ƙashin bayan manya, ruwan da ya ciyar da kakanni ya wayi gari babu komai.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi magana yanzu shi ne, tun da wutar sola ta yaɗu, batir da inbata sun zama kayan da ake samu a kowace kasuwa, kuma yaro yana iya ganin yadda ake haɗa su a wayar salula. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Me ya sa ruwa yake ƙara wa wuta haɗari?

Fatar mutum ita ce garkuwarsa daga lantarki, amma fa idan a bushe take. Busasshiyar fata tana iya tare wuta ninki ɗari fiye da jiƙaƙƙiya. Da zarar ruwa ko gumi ya jiƙa ta, garkuwar ta faɗi, wutar ta sami hanyar shiga jini da nama, waɗanda su kansu ruwa ne mai gishiri.

Abin da yake kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, ana kuma auna shi da miliamfa:

• Miliamfa 1: mutum zai ji ɗan tsira-tsira a fata.
• Miliamfa 10 zuwa 20: naman hannu yakan ƙage, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe.
• Miliamfa 50 zuwa 100: bugun zuciya yana iya rikicewa, ta koma karkarwa maimakon harba jini. Idan ba a kawo ɗauki ba, mutuwa ce cikin mintuna.

Domin a gane ƙanƙantar wannan adadi, tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kimanin miliamfa 260 a wutar gidajenmu mai bolt 230. Ke nan abin da bai kai rabin abin da ƙwai ɗaya yake sha ba ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato.

Wasu kan ce ai batirin mota bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum. Gaskiya ne, idan shi kaɗai ne kuma hannu a bushe. Amma aikin inbata shi ne ta ɗaga wannan 12 ɗin zuwa ɗaruruwa. Daga nan ba shi da bambanci da wayar Nepa da ta faɗa ruwa.

Wani abin lura kuma, wutar da ke cikin ruwa ta fi kama babban jiki. Shi ya sa giwan ruwa da babbar tarwaɗa suke sumewa kafin ƙananan kifi, domin tsawon jikinsu ya ratsa fili mai faɗi na wutar. To, mutum ya fi yawancin kifayen kogi tsawo. Ba sai ya taɓa waya ba, tsayuwa a cikin ruwan kusa da sandar ta isa. Ko da wutar ba ta kai ta taɓa zuciya ba, tana iya sandarar da ƙafafu da hannuwa, gwanin iyo ya nutse a ruwan da bai wuce gwiwa ba, ba tare da ya iya ko ihu ba.

Mai juna biyu: rai biyu a hanyar wuta

Lantarki kullum hanyar zuwa ƙasa yake nema. Idan mace ta taɓa wuta da hannu alhali ƙafarta tana cikin ruwa ko a kan jiƙaƙƙen siminti, wutar takan shiga ta hannu ta fita ta ƙafa. Mahaifa tana kan wannan hanya. Jaririn yana kwance ne a cikin ruwan mahaifa, wanda wuta take bi cikin sauƙi, fatarsa kuma siririya ce, a jiƙe take dare da rana. Saboda haka jan wutar da uwa za ta ce "ai ba komai, ɗan fizga ta kawai ta yi", yana iya zama babba a wurin ɗan da ke cikinta.

Me likitoci suka gani? A shekarar 1993 wani likita a Ostireliya ya tattara rahotannin mata 15 da wuta ta ja suna da ciki, ya tarar 11 daga cikinsu sun rasa jariran. Sai dai irin waɗannan rahotanni galibi masu tsanani ne ake rubutawa. A 1997 kuma masu bincike a birnin Toronto na Kanada suka bi diddigin mata 31 da wuta ta ja, yawancinsu a cikin gida. Mata 28 sun haifi lafiyayyun jarirai, biyu sun yi ɓari, ɗaya ta haifi jariri mai matsalar zuciya. Wannan labari ne mai kwantar da hankali, amma a lura cewa yawancin matan wutar bolt 110 ce ta ja su, wato rabin ƙarfin tamu.

Darasin da ke ciki biyu ne. Na farko, idan wuta ta ja ki, kada ki firgita, domin mafi yawan lokuta jariri yakan tsira lafiya. Na biyu, babu mai iya sanin halin da jaririn yake ciki ta hanyar duban fuskar uwa. Sai an saurari zuciyarsa.

Ban da wutar kanta, akwai faɗuwa. Jan wuta yakan yi jifa da mutum, kuma buguwar ciki tana iya sa mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa kafin lokaci. Wannan yana jawo zubar jini, wani lokaci a ɓoye a ciki, kuma barazana ce ga uwa da ɗa baki ɗaya.

Yadda ƙwararru suke kare kansu

Yana da kyau a san irin shirin da masu bincike suke yi kafin su saki wuta a ruwa, domin a gane nisan da ke tsakaninsu da mai batir a kwale-kwale:

1. Ba a yin aikin sai da horo, kuma mutum ɗaya ba ya fita shi kaɗai. Cikin ayarin dole a sami waɗanda suka iya farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya.
2. Kowa yana sanye da wandon roba mai haɗe da takalmi, da safar hannu ta roba mai tare wuta. Ana duba su kafin a shiga ruwa, mai huda ko ɗaya a ajiye shi.
3. Sandar koma ba ta ƙarfe ba ce. Ba a tsoma hannu a ruwa don ɗauko kifi matuƙar wuta tana kunne.
4. Makunnin na'urar irin wanda sai an danne shi ne yake aiki. Da mutum ya saki, wuta ta ɗauke. Na'urorin goyo da yawa suna kashe kansu idan mai goyon ya sunkuya da yawa ko ya faɗi.
5. A ruwa mai zurfi ko a jirgi, kowa yana sa rigar da ke hana nutsewa.
6. Ana dakatar da aiki idan hadari ya taso, ko aka ga mutane ko dabbobi sun matso kusa da ruwan.
7. Ƙa'idojin aikin a wurare da dama sun ce mai ciwon zuciya, da wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, da mai juna biyu, kada su shiga wannan aiki.

Idan waɗanda suke da duk wannan kariya sun ce mai ciki ta tsaya a gefe, ina ga wadda ta zo wanki ba takalmi, ba ta ma san an saki wuta a bayan ciyawa ba? Na'urar haɗin gida ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Babu wata hanyar amfani da ita da za a ce lafiya lau ce.

Ga iyalan bakin ruwa

Maigida, idan sana'arka su ce, ka tsaya a kan kayan gado: taru, da birgi, da mamari, da gura. Dubban masunta suna shiga ruwa a bikin Argungu da homa da gora kawai, su fito da giwan ruwa. Kifin da za a samu da batir bai kai ran mutum ɗaya ba, balle biyu.

Uwargida, idan kin isa mashaya kika ji ƙarar janareta ko kukan inbata a kan ruwa, ko kika ga kifi suna tasowa ciki a sama ba dalili, kada ki shiga, kada ki bar yara su shiga. Idan kina cikin ruwa kika ji tsira-tsira a ƙafa, ki koma ta inda kika fito nan take, kada ki kama wani ƙarfe. A sanar da sarkin ruwa, ko mai unguwa, ko jami'an kula da kamun kifi. Wannan ba tsegumi ba ne, mashaya ta kowa ce.

Kada a ajiye batir ko a yi cajinsa a ɗakin kwana. Ruwan batir yana ƙona fata da ido, iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta, dalmar da ke cikinsa kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki.

Wasu mata kan tambaya ko za a iya cin kifin da aka kama da lantarki. Wuta ba ta zama a jikin kifi, kuma ba ta barin guba. Wanda ya kamata a guje wa shi ne kifin da aka kashe da maganin ƙwari irin su Gamalin, da wanda aka tsinta a mace ba a san sanadinsa ba. In ban da wannan, kifi abinci ne mai gina jikin uwa da na jariri. A dafa shi sosai, a ci.

Hita a bokiti: kogin da ke cikin gida

Yawancin masu karanta wannan ba za su taɓa ganin na'urar kamun kifi ba, amma kusan kowace mai jego ta san hita. Kwana arba'in ana dafa ruwan wanka safe da yamma, kuma a birni sau da yawa hita ake tsomawa a bokiti. Idan jikinta ya tsage, ko wayarta ta zare, ruwan bokitin ya zama daidai da ruwan da aka saki wuta a kogi. Hita mai wat 1,000 tana jan sama da miliamfa 4,000. A kiyaye waɗannan:

• A tsoma hita a ruwa tukuna, sannan a kunna. A kashe, a zare ta daga soket, sannan a taɓa ruwa ko bokitin.
• Kada a gwada zafin ruwa da yatsa alhali hita tana ciki, ko da an ɗauke wuta. Ana iya dawo da ita a kowane lokaci.
• A yi amfani da bokitin roba mai kauri, a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa.
• A daina cusa tsirarar waya a soket ana tokare ta da tsinken ashana.
• Kada a taɓa firiji, ko dutsen guga, ko makunni, ko caja da jiƙaƙƙen hannu. A sa silifas na roba, musamman da damina.
• Firiji ko famfon da yake ɗan jan mutum gargaɗi yake yi. A kashe shi, a kira mai gyaran wuta ya duba wayar da ke kai wuta ƙasa. A kuma tambaye shi game da na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta fara zurarewa. Irin ta gidaje tana yankewa a miliamfa 30.
• Kada a kunna janareta a cikin ruwan sama, kada kuma a shigar da shi ɗaki ko zaure don gudun ruwa, domin hayaƙinsa yana kisa.
• Idan ambaliya ta shiga gida, a kashe wuta daga babban makunni in har ana iya kai masa a bushe. Wayar da ta faɗo ƙasa kuwa, a ɗauka da wuta a jikinta, a yi nesa da ita.

Idan wuta ta kama mutum

Sau da yawa mai ceto shi ne mamaci na biyu. Uwa ta ga ɗanta yana shure-shure a ruwa, ba za ta tsaya tunani ba. Saboda haka a koyi wannan tun kafin ranar:

1. Kada a taɓa shi, kada a faɗa ruwan. A fara kashe wutar: a kashe janareta, a cire kan batir, ko a sauke babban makunni.
2. Idan ba a iya kashewa ba, a tsaya a busasshen wuri, a ture wayar ko a jawo mutumin da busasshiyar sanda ko gora. Jiƙaƙƙen icce yana ɗaukar wuta. Wannan bai shafi manyan wayoyin kan turaku ba, su ba a kusantarsu ko da sanda.
3. A yi kururuwar neman taimako, a nemi mota, a kira lambar gaggawa 112 a inda take aiki.
4. Idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya iya, bayan kowane danni 30 ya hura masa numfashi sau 2. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska, don haka ba a jira sai an isa asibiti.
5. Idan mai ciki ce kuma cikin ya kai cibiya ko ya wuce, ana danna ƙirjinta kamar kowa, amma mutum na biyu ya sa hannu ya ture cikin zuwa gefenta na hagu, domin nauyin mahaifa kada ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.
6. Idan tana numfashi, a kwantar da ita a gefen hagu, a lulluɓe ta, a tafi asibiti.
7. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. Madara ba ta fitar da wuta daga jiki, haka ma binne mutum a yashi. Wuta ba ta zama a jiki bayan an yanke ta.
8. Inda ya ƙone, a zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi na minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ko manja, ko ƙwai, ko toka.

Abin da za a yi miki a asibiti

Duk mai juna biyu da wuta ta ja ta zo asibiti a ranar, ko da tana jin garau. Kada a jira ranar awo. Ki zo da katinki, ki gaya wa ma'aikata abin da ya ja ki, da inda wutar ta shiga, da ko jikinki a jiƙe yake, da ko kin faɗi ko kin suma.

Za a auna bugun zuciyarki da na'ura, a duba ƙuna, domin ƙunar lantarki takan yi ƙarama a waje alhali ta ci nama a ciki. Za a saurari zuciyar jariri, a yi hoton ciki idan da buƙata. Idan cikin ya wuce mako 20, akan ajiye ki aƙalla awa 4 ana lura da bugun zuciyarsa da motsin mahaifa, ko fiye da haka idan an ga wata alama. Za a duba rigakafinki na sarƙe-haƙora. Idan kin faɗi kuma jininki mai alamar negatib ne, likita zai duba ko kina buƙatar allurar da ke kare cikin nan da masu zuwa.

Bayan an sallame ki, ki dawo cikin gaggawa, ko da tsakar dare ne, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: jariri ya rage motsi ko ya daina, zubar jini ko ruwa ta gaba, ciwon mara ko ciki ya yi tauri kamar dutse, ciwon ƙirji ko faɗuwar gaba, jiri ko suma, ko fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi.

Maigida da uwar miji, ku ne kuke ba da izini, ku ne kuke nemo abin hawa. Kuɗin mota da 'yan awoyin da za a yi a asibiti ba su kai komai ba idan aka kwatanta da wata tara na ɗawainiya. Yau ɗin nan, kafin a kwanta, a ɗauki hita da wayoyin gidan a duba su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta tsage a jefar. Rigakafi ya fi magani.

Muna yi wa dukkan masu juna biyu fatan sauka lafiya.